Saitin haɗa sabulun madarar akuya da ake sayarwa a Sakkwato: kayan sun yi, takardar haɗin ce matsala

Wasu shagunan kayan sabulu a Sakkwato sun fara ɗaure kaya a kwali guda suna sayarwa da sunan saitin sabulun madarar akuya, kuma mata masu son kama sana'a a cikin gida na saye sosai. Wanda za a duba a nan na wani shago ne da ke wajen Tsohuwar Kasuwa. A cikin kwalin akwai kostik soda kilo 1, man alayyadi lita 4, ƙullin soda ash, geji na auna ƙarfin ruwan soda, mazubin katako mai cin kusan lita ɗaya da rabi, safar hannu, kwalbar turare, da takarda mai bayanin haɗi. Madarar ba ta ciki, mai saye ce za ta nemo abinta. Babu sikeli, babu tabarau.

Sodar tana da kyau. Fara ce tas, a bushe, ɓarzarta ba ta dunƙule ba, kuma an ɗaure ta a leda biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kostik soda na zuƙar laima daga iska, idan ta dunƙule wani ɓangare na nauyin da aka auna ya zama ruwa ba soda ba, sabulu ya fito da laushi ba a san dalili ba. Man alayyadin ma irin mai hasken nan ne na inji, ba baƙin da ake toya ƙwara a fitar ba, wanda warin ƙonarsa ke danne kowane turare. A hunturu za a same shi ya daskare a cikin galan, ba lalacewa ya yi ba, haka yake idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 25 ko kusa da haka. A ajiye galan ɗin cikin ruwan ɗumi ya narke duka, a girgiza, sannan a ɗiba.

Inda saitin ya gaza shi ne takardar. Haɗin da ke ciki shi ne wanda ake koyarwa ko'ina na sabulun wanki: a jiƙa soda ta kwana, a daidaita ta da geji zuwa 1275, a zuba awo ɗaya na ruwan soda a kan awo biyu na man alayyadi, a sa soda ash, sai aka ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa a zuba kofin madarar akuya kafin turare. Bari mu yi lissafin. Ruwan sodar da geji ya nuna 1275 yana ɗauke da kusan kashi 25 cikin ɗari na soda, wato lita ɗaya tana da giram 319 ko kusa. Lita 2 na man alayyadi kuwa nauyinsu kusan giram 1,820 ne, kuma kowane giram na wannan man yana cin kusan giram 0.176 na soda, jimla giram 320. Ke nan soda ta cinye man tas, ba ta bar ko ɗigon maiƙo da zai tausasa fata ba. Ga kayan wanki hakan daidai ne. Ga jikin mutum, a garin da iska ke busar da fata wata da watanni, sabulun alayyadi zalla da ba a bar masa rarar mai ba yana sa jiki ya yi fari, ya yi ƙaiƙayi, fuska ta riƙa ɗaurewa bayan wanka. Kofin madara ɗaya ba zai gyara wannan ba, don maiƙon da ke cikinsa bai wuce cokali guda ba.

Akwai kuma matsalar ruwa. A wannan haɗin ruwan da ke cikin sodar kaɗai ya haura rabin nauyin man, alhali sabulun wanka na son kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan aka ƙara madara a kai sai ruwa ya yi yawa, sabulu ya daɗe bai ƙanƙame ba, ya motse yayin bushewa, gefunansa su lanƙwashe. Gejin kansa ba abin dogaro ba ne a nan: ruwan soda mai ɗumi yana nuna lamba ƙasa da gaskiya, sai mai haɗi ta ga kamar bai kai ba ta ƙara soda. A watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ke haura digiri 40, wannan kuskuren kusan dole ne. Soda ash kuma ba ta da aiki a sabulun wanka, a ajiye ta don ranar da za a yi na wanki.

Saboda haka wadda ta sayi saitin nan ta ɗauka cewa sauran sayayya na gabanta. Na farko sikeli na batir mai auna giram ɗaya ɗaya. Sai ma'aunin zafi, tabarau mai rufe gefen ido, da bilandar hannu idan da hali. Sabulun madara ba a yin sa da kofi da gwangwani.

Ga haɗin da ke aiki da kayan da ake samu a garin nan, kuma daidai yake da girman mazubin saitin. Kitsen shanu da aka narkar aka tace giram 400, man alayyadi giram 250, man gyaɗa giram 200, man kaɗanya giram 150. Jimlar mai kilo 1 ke nan. Soda giram 140, madarar akuya giram 330. Asalin abin da waɗannan mayukan ke ci kusan giram 148 ne na soda, an rage kashi 5 cikin ɗari da gangan don a bar rarar mai, maiƙon madarar kuma ya ƙara ɗan kaɗan a kai. Kitse ke ba sabulu tauri da daɗewa, alayyadi ke kawo kumfa, gyaɗa da kaɗanya ke sa laushi. Kada a musanya wani mai da wani a bar sodar yadda take, kowanne da abin da yake ci: kaɗanya 0.128 a giram, gyaɗa 0.137, kitse 0.143, man ja 0.142. Wadda ba ta son kitse za ta iya sa man ja da aka kashe launinsa a madadinsa ba tare da canza sodar ba, tunda cinsu kusan ɗaya ne. Man gyaɗa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, shi ne ke fara lalacewa idan sabulu ya daɗe. Da wannan lissafin sodar saitin za ta yi zubi bakwai, man alayyadin kuwa ya ninka haka, wanda ke nuna cewa an haɗa kwalin ne bisa tsarin sabulun wanki.

Kitsen a saye shi sabo daga mahauta, a yayyanka ƙanana, a narkar a wuta kaɗan da ɗan ruwa da gishiri, a tace a bar shi ya daskare, a kankare dattin ƙasa. Idan har yanzu yana warin nama a maimaita.

Madarar ita ce abin da ke buƙatar natsuwa. Jar akuyar Sakkwato, wadda ake kira ta Maraɗi a ƙetaren iyaka, an fi saninta da fata, fatar da ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko saboda ta can fatake ke fitar da ita. Ba akuyar tatsa ba ce irin Saanen ta Turawa, abin da take bayarwa a rana kaɗan ne, amma madararta ta fi maiƙo, kuma zubi ɗaya bai kai rabin lita ba, don haka akuya ɗaya mai shayarwa a gida ta isa. A tatsa da safe cikin kwano mai tsabta, nesa da bunsuru, don warinsa na kama madara. A tace da kyalle. Idan saye za a yi a nemi wadda aka tatsa a ranar, ba nono mai tsami ba, domin tsamin na cinye wani ɓangare na sodar ya ɓata lissafi. A kuma tabbatar ba a sirka ta da ruwa ko da madarar shanu ba, musamman idan za a rubuta sunan akuya a jikin sabulun. Yana da kyau a ɗumama ta zuwa digiri 63 na minti 30 kafin a ajiye, ba don sabulun ba, soda na kashe komai, sai don hannun mai aiki da kwanukan gida: ɗanyar madarar awaki na iya ɗauke da cutar da ke sa dabbobi ɓari, kuma tana kama mutane.

A auna giram 330 tukuna sannan a daskarar, a farantin ƙanƙara ko a shimfiɗe a leda. Dalili shi ne soda na fitar da zafi sosai idan ta narke, a ruwan famfo takan kai digiri 80 zuwa sama. Madara na da sukari nata, kusan kashi huɗu da rabi cikin ɗari, kuma wannan zafin na ƙona shi. Za a ga madara ta koma ruwan lemo, daga nan ruwan ƙasa, ta guntse, ta yi wari. Sabulun zai yi wanka amma launinsa da ƙamshinsa sun tafi. Da daskararriyar madara, a sa kwanon cikin wani babban kwano mai ƙanƙara, a riƙa barbaɗa soda cokali ɗaya, a juya har ta narke, sannan a ƙara. Aikin na cin minti 15 zuwa 20, kuma zafin kada ya haura digiri 30 ko kaɗan sama da haka. Launin da ake nema fari ne mai ɗan rawaya. Za a ji wani wari mai shiga hanci yana tashi, soda ce ta taɓa sinadarin gina jiki na madarar, yana gushewa cikin kwanakin farko na bushewa. Idan ruwan ya ɗan yi kauri ba laifi, maiƙon madarar ne ya fara zama sabulu. Haɗarin sanyi da yawa shi ne ɓarzar soda ta ƙi narkewa ta kwanta a ƙasa, don haka a tace ruwan ta rariyar roba ko ta silba kafin a zuba cikin mai. Ƙwayar soda ɗaya da ta tsira a cikin sabulu ta isa ta ƙona fatar yaro.

Takardar ba ta ce komai ba a kan gidan da babu firiza ko babu tsayayyar wuta, alhali su ne mafi yawa. Akwai hanya. A raba ruwan biyu: a narkar da soda giram 140 cikin ruwa mai tsabta giram 140, a rufe a bar shi ya huce sarai, ko da kwana zai yi a wurin da yara ba sa kaiwa. Madara giram 190 mai sanyi kuma a zuba ta cikin man a buga su haɗu, sannan a kawo ruwan sodar. Madarar ta ragu da kusan rabi, amma ba ta ƙone ba, kuma a jikin fata da wuya a ji bambanci. Kada ruwan ya gaza nauyin sodar, ba za ta narke duka ba. A ganina wannan hanyar ta fi dacewa da Sakkwato fiye da ta daskararwa, ita ya kamata shagon ya buga.

A narkar da kitse da kaɗanya a wuta kaɗan, a sauke, a zuba alayyadi da gyaɗa, a bari ya sauko zuwa digiri 33 zuwa 36. Idan ya yi sanyi fiye da haka kitse na fara daskarewa da zarar ruwan soda mai sanyi ya taɓa shi, sai a ga kauri a ɗauka sabulu ya haɗu alhali bai haɗu ba, washegari a tarar mai ya ware a sama. A zuba ruwan soda a hankali ana juyawa. Da bilandar hannu, a buga daƙiƙa biyar a juya da hannu daƙiƙa goma, cikin minti biyar zai yi kaurin koko, wanda idan aka ɗiga a sama zai bar layi kafin ya nutse. Da muciya ko ludayi aikin na iya kai rabin awa ko fiye. A nan ake sa turare.

Turaren saitin bai yi ba. Ƙamshinsa mai daɗi ne a kwalba, amma yana daskarar da haɗin nan take, alamar an sirka shi da sifirit. Cikin daƙiƙu sabulu ke zama dunƙule da sai an danna shi cikin mazubi da hannu, ya fito da ramuka. A nemi turaren mai zalla, giram 20 zuwa 30 a kilon mai, a gwada shi a ɗan kofi tukuna. Man kanumfari da na kirfa ma na gaggauta kauri, suna kuma ƙona fata idan sun yi yawa. Masu son zuma kada su wuce ƙaramin cokali biyu a kilon mai, sukari ce a kan sukari, tana ƙara zafi. Kurkum ƙaramin cokali ɗaya ya isa launi.

Mazubin katakon an yi shi da kyau, kusurwoyinsa a miƙe suke, gefe ɗaya na buɗewa. Sai dai katako na riƙe zafi, takardar kuma ta ce a lulluɓe da bargo, shawarar da ta fito daga ƙasashen sanyi, can ma ba a yi wa sabulun madara haka. Bayan zubi sabulu na ci gaba da dahuwa da kansa, sukarin madara na ƙara masa wuta. A ɗakin kwano a watan Mayu tsakiyarsa na yin duhu, samansa ya tsage, wani lokaci ya kumburo ya zubo, ko a yanka a tarar da rami a ciki mai tsiyayar mai. Abin yi shi ne sanyaya shi: firij na awa 24, ko kula mai ƙanƙara a ƙasa a ɗora mazubin a kan wani abu don kada ruwa ya shiga, ko aƙalla a yi aikin bayan sallar asuba a ajiye a daɓe mai sanyi kusa da randa. Ƙananan mazubai na roba mai laushi, kowane sabulu da gurbinsa, sun fi katako a nan domin suna sakin zafi da wuri. Wadda ke da zaɓi ta yi yawancin zubinta daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A shimfiɗa leda ko takardar gashi cikin katakon kafin zubi, a kuma rufe saman da leda ta manne da sabulun, in ba haka ba iska za ta sa masa farar toka. Tokar ba ta cutarwa, kankarewa ake yi, amma tana rage masa kyau a idon mai saye.

Sabulun da aka sanyaya na daɗewa kafin ya yi tauri, a ba shi kwana biyu zuwa uku kafin a cire. Zubin zai ba da kusan kilo 1 da giram 470, wato guda 13 masu giram 110 da ɗoriya. Takardar ta ce a fara amfani bayan kwana uku. A'a. Sati huɗu zuwa shida ake so, a jere a kan katako ko kwandon roba, da tazara tsakani, a inuwa, ana juya su duk bayan 'yan kwanaki. Hanyar sanin ya gama ita ce a riƙa auna guda ɗaya duk mako, idan nauyi ya daina sauka to ya yi. A hunturu a yafa masa siririn kyalle saboda ƙura, kuma don kada bayansa ya bushe da sauri ya tsattsage. Da damina zai riƙa yin zufa, giliserin ɗin da ke cikinsa ne ke jawo laima, a goge a matsar da shi inda iska ke ratsawa. Ɗigo-ɗigo masu launin ruwan lemo da ke fitowa a jikin sabulu bayan wata biyu ko uku da warin tsohon mai, daga tsohon man gyaɗa yake zuwa, ko daga ajiye sabulu a kan ƙarfe mai tsatsa ko a rana.

Wasu kan yi ƙorafin cewa sabulun gida ba ya kumfa a unguwarsu. Sau da yawa ruwan ne. Ƙasar yankin nan na da farar ƙasa, ita ce ma ake haƙa a Kalambaina don siminti, ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama na ɗauke da ita, kuma tana kashe kumfa ta bar dauɗa a bokiti. Giram 10 na sitirik asid, wato garin sinadarin tsamin lemo, da aka narkar a ɗan ruwa aka sa cikin haɗin sabulun, tare da ƙarin soda giram 6 don cike abin da zai ci, yana rage wannan sosai.

Batun kariya layi ɗaya ne a takardar, ya kamata ya zama shafi. Safar hannun sirara ce irin ta asibiti, ba ta rufe tsintsiyar hannu, a sayi doguwa ta roba. Soda ake zubawa cikin ruwa ko madara, ba a zuba ruwa a kan soda. Tukwanen alminiyam da maƙera ke zubawa, waɗanda ke kowane madafi, ba sa shiga wannan aikin ko kaɗan: soda na cin su tana fitar da iska mai kama wuta. A yi amfani da silba marar tsatsa ko roba mai lamba 5 ko 2 a gindi, ban da gorar ruwan sha. Idan ta taɓa fata ko ido a yi ta kwarara ruwa minti 15 zuwa 20, ido kuma sai asibiti. Abin da ya fi muni a hanyar jiƙa soda ta kwana shi ne bokitin da ake bari a tsakar gida: ruwan soda ba shi da launi, yaro mai ƙishi zai sha, kuma ƙunar maƙogwaro da ke biyo baya kan bi mutum har girma. Wanda aka haɗa da madara ya fi ruɗi, don kama yake da abin sha.

A bayan kwalin an rubuta cewa sabulun na hasken fata, yana maganin ƙuraje da ƙyasbi, kuma ƙarfinsa daidai yake da na fata. Babu ɗaya da za a tsaya a kai. Duk sabulun da aka yi da soda yana tsakanin 9 da 10 a ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami ko kaifin soda na abu, fata kuwa tana wajen 5 da rabi, madara ba ta canza wannan. Abin da madara ke yi na gaskiya shi ne ƙara laushin kumfa da ɗan maiƙo. Mafi yawan taushin da ake yabawa daga zaɓin mai ne, da rarar da aka bari, da haƙurin bushewa. Wadda za ta sayar kada ta kwafi waɗannan alƙawura a takardarta, ta rubuta kayan haɗi da ranar zubi da nauyi, ta ambaci man gyaɗa da madara saboda masu borin jini, ta kuma nemi rajistar NAFDAC kafin ta kai kaya manyan shaguna. Shagon na yarda a sayi soda da alayyadi da mazubi daban ba tare da kwalin ba, kuɗin geji da soda ash da turaren kuma a sa su a sikeli.